Musayar Waƙa: Yaron Da Ya Dawo Daga Daji

Tsohon Malami:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. Na shekara 31 ina koyarwa a makarantun kwana kafin in yi ritaya, kuma tun daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara sama da 300 cikin daji, wata tambaya take damuna. Bayan kwana shida an sako yaran, an kai su Katsina, an ɗauke su hotuna, kowa ya yi hamdala. Haka aka yi da 'yan matan Jangebe su 279 a watan Maris na 2021, haka kuma aka yi da yaran Kuriga a 2024. Abin da ban ji ana tambaya ba shi ne yadda yaron yake kwana bayan an kashe fitila. Na buɗe wannan musaya da ƙwar biyar, babban amsa-amonta "ya", duk mai amsa ya biyo ni a kansa.

Na fara da sunan Mai Rahama,
Wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya ɗaga sama,
Salati ga Annabi shugaban al'umma,
Sannan in ɗauki alƙalami in kama
Zancen raunin da ke cikin zuciya.

An kwashi yara a daren Ƙanƙara,
An kora su kamar dabbobi a karkara,
Kafin hawayen iyaye ya tsaya an ƙara
Da Jangebe, da Tegina, da Kagara,
Makaranta ta koma wurin tsoro a Nijeriya.

Da aka sako su mun yi ta murna,
An yi musu wanka, an sa musu riguna,
An jera su gaban masu ɗaukar hotuna,
Amma ban ga wanda ya zauna
Ya tambaye su yadda suke kaiwa safiya.

Ni na ga yaron da ya iya lissafi,
Ya dawo aji ba ya iya juya shafi,
Idan babur ya wuce sai ya zabura da ƙarfi,
Ya ɓuya ƙarƙashin benci kamar mai laifi,
'Yan ajinsu kuwa su fashe da dariya.

Don haka nake tambaya, 'yan'uwana,
Wanda jikinsa ya dawo gida ya kwana,
Amma hankalinsa na daji dare da rana,
Shin mu ce ya dawo, ko kuwa muna
Jiran sauransa ya kammala tafiya?

Uwar Ɗalibi:

Malam, Allah Ya saka da alheri. Ɗana yana cikin yaran da aka ɗauke daga wata makarantar kwana, kuma ya yi makonni a hannunsu kafin Allah Ya kuɓutar da shi. Ban saba da wata waƙa ba sai ta daka da ta reno, amma tambayarka ta shafi gidana kai tsaye, don haka ga amsata a kan amsa-amonka.

Malam, ka taɓo inda ke mini ƙuna,
Ranar da ya dawo na yi guɗa, na yi murna,
Na tuƙa tuwo, na tara maƙwabtana,
Na ɗauka wahala ta ƙare a gidana,
Ashe a ranar ce na fara jinya.

Cikin dare sai in ji ya yi ihu,
Ba ya yarda ya kwanta a cikin duhu,
Yana shaƙewa kamar an sa shi a buhu,
In riƙe shi ina ta kiran Allahu,
Har asuba ta yi ban runtsa ba ko ɗaya.

Yaron da ya girma har yana azumi,
Ya koma fitsarin kwance, ya wuni da tagumi,
Ya ƙi abokai, ya ƙi neman ilimi,
Kamar wanda aka jefa cikin rami,
Ni kuma na ɓoye wa dangi don kunya.

Wasu sun ce iska ce ta shafe shi a daji,
Wasu sun ce in yanka baƙaƙen kaji,
Wasu sun ce ya bar kuka, ai shi namiji,
Kowa da maganarsa, kowa so yake in ji,
Shi kuwa yaron babu mai yi masa tambaya.

Malamin Allo:

Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Ina tsoron kada musayar nan ta kai mu ga raina abin da muka gada, domin kakanninmu sun sha yaƙi da yunwa da annoba tun kafin a gina asibiti a ƙasar nan, kuma da haƙuri da addu'a suka tsallake. Ga abin da nake gani.

Hajiya, ki riƙe haƙuri, shi ne magani,
Abin da ya same shi rubutacce ne tun tuni,
Ki yawaita karanta masa Alƙur'ani,
Kada ki biye wa surutun zamani,
Yawan tona gyambo ba ya kawo lafiya.

Ku bar tuna masa daren da ya wuce,
Ku ce masa ya manta, ƙaddara ce,
Wanda ya dogara ga Allah ya dace,
Ko da duniya ta juya ta birkice,
Ambaton Allah ne natsuwar zuciya.

Ma'aikaciyar Jinya:

Allah Ya gafarta Malam, ban zo in yi jayayya da addu'a ba, domin ni ma da ita nake fara aiki kowace safiya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Sai dai abin da Hajiya ta bayyana ciwo ne sananne da yakan biyo bayan mummunan tashin hankali: jiki ya riga ya koyi cewa mutuwa tana kusa, saboda haka ko bayan hatsarin ya wuce sai ya ci gaba da zama cikin shirin gudu, ƙara kaɗan ta sa gaba ya faɗi, barci ya zo da mafarkin abin da ya faru, yaro ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa. Yara da yawa sukan samu sauƙi cikin 'yan makonni idan gida ya natsu, amma idan abin ya wuce wata guda yana hana barci da karatu, ya kamata a ga ma'aikacin lafiya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano, ko da yake likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda sunanta ma dokar mahaukata ne, kuma ina ganin irin wannan suna yana cikin abin da ya sa iyaye suke ɓoye 'ya'yansu.

Malam, ka fi ni sanin Annabi Yakubu,
Wanda aka kawo wa riga, Yusufu babu,
Ya ce haƙuri kyakkyawa, amma ya taɓu,
Baƙin cikin ɗa guda ya fi masa na dubu,
Har idanunsa suka yi fari, haka ta zo a aya.

Idan Annabi ya yi baƙin ciki bai yi saɓo ba,
Yaron da ya ga bindiga bai yi laifi ba,
Firgitarsa ba raunin imani ba ce, ba hauka ba,
Kuma cewa ya manta ba za ta mantar da shi ba,
Sai dai ta koya masa ɓoye gaskiya.

Ba a tilasta masa ya ba da labari,
Ba a kuma toshe bakinsa da sunan haƙuri,
A zauna kusa da shi, kada a yi sauri,
A nuna masa yanzu babu hatsari,
In ya soma magana a bar masa hanya.

An ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara,
Wanda ƙafarsa ta karye ɗori ake yi a gyara,
To, zuciya ma takan karye a jikin yara,
Ku yi tofi, mu yi namu, Allah Ya ƙara
Albarka a aikin biyu, Shi ne Mai ba da lafiya.

Malamin Allo:

'Yata, kin kawo hujja daga inda ba ni da ikon musu. Na janye baitin da na ce a sa yaro ya manta, sauran kuwa ina nan a kansu. A tsangayata akwai yara uku da iyayensu suka gudo da su daga ƙauyukan da aka ƙona, kuma yau na gane cewa na daɗe ina tsawata wa ɗayansu a kan abin da ba yin kansa ba ne.

Na karɓi gyara, 'yata, kin yi aiki,
Ai akwai shekarar da ake kira ta Baƙin Ciki,
Rashin Nana Hadiza da Abu Ɗalib ya shiga jiki,
Daga yau na daina ce wa yaro ya rufe baki,
Zan yi masa addu'a, in raka shi wurin masu jinya.

Tsohon Ɗalibi:

Iyayena, ku gafarce ni da shiga maganar manya. Ni ma na kwana a daji a hannun waɗannan mutane lokacin ina sakandare, yanzu kuma ina karatun aikin koyarwa a wata kwalejin ilimi. Ba zan ce na warke sarai ba, kuma ba na son a ce abin da ya same ni alheri ne don ya koya mini darasi, domin akwai waɗanda ba su dawo ba: ɗaliban Buni Yadi da aka kashe a ɗakunan kwanansu a watan Fabrairu na 2014, da 'yan matan Chibok da har yau ba a ga wasunsu ba. Ga abin da zan iya faɗa wa Inna game da ƙanena.

Inna, ni ma na yi shekara ba na barci,
Tuwo a bakina ya koma ɗaci,
Na tsani ƙararrawa, na tsani benci,
Ina jin haushin kowa, raina cikin ƙunci,
Ina ganin ni kaɗai ne a duniya.

Abin da ya fi ci mini rai ban faɗa ba,
Akwai abokina da ƙafarsa ba ta ɗauke shi ba,
Ya kira sunana a hanya ban tsaya ba,
Na yi shekara biyu ban yafe wa kaina ba,
Ko da yake shi ma ya dawo daga baya.

Wata ma'aikaciyar lafiya ce ta zaunar da ni,
Mako bayan mako ta saurare ni,
Ta koya mini jan numfashi in tsoro ya kama ni,
Ta ce mai bindiga ne mai laifi, ta wanke ni,
Ranar na yi kukan da ya sauke mini kaya.

Daga nan na je gidan abokin nawa,
Na roƙi gafara, jikina yana rawa,
Ya ce shi ma mafarkin nan yana ta zuwa,
Muka zauna a zaure muka yi ta tunawa,
Kowa ya ji nauyin ya ragu a wuya.

Har yau babur ɗin dare yakan sa in farka,
Amma nakan gane ɗakina, ba na kuka,
Na zaɓi koyarwa ne saboda haka,
Yaron da ya ɓuya ƙarƙashin benci, ni zan sauka
In zauna kusa da shi, in hana a yi masa dariya.

Uwar Ɗalibi:

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ikon kammala karatunka. Jiya bayan sallar isha'i na zaunar da ƙanenka na karanta masa baitocinka.

Ya yi shiru har na kai ƙarshe,
Sannan a hankali ya motsa harshe,
Ya ce, "Inna, akwai irina ashe?"
Ya roƙi a bar fitilar kada a kashe,
Litinin kuma za mu asibiti tun da safiya.