AC na tsohuwar Marsandi: wane gas zan sa a madadin R12?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Marsandi ce 230E ƙirar 1990, takardar da ke ƙarƙashin bonet ta nuna R12. Gas ya zube, R12 kuma ya ɓace a kasuwa. Wani mai gyara ya ce a ɗura R134a kawai, wani ya ce gas ɗin firij ya fi sanyi da araha. Wanne ne ba zai kashe kwamfaresa ko ya jawo gobara ba?

Mai AC Kofar Ruwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. R134a za ka sa, amma kada a ɗura shi a kan abin da ke ciki. Man da R12 ke tafiya da shi ba ya gauraya da R134a, sai ya kwanta a tiyo da kwandensa, kwamfaresa ya bushe ya cije.

A fara gano inda yake yoyo. A wanke layukan, a tsiyaye tsohon mai daga kwamfaresa, a zuba man esta, domin shi yana jure ɗan ragowar tsohon man fiye da PAG, wato ɗayan man da ake amfani da shi da R134a. A sa sabuwar draya (gwangwanin da ke tsotse danshi daga gas), a canza robobin mahaɗa da korayen nan na HNBR, a ɗaura kawunan ɗuri na R134a. Sai a zuƙe iska da inji na minti 30 zuwa 45, a rufe a jira minti 15. Idan allurar geji ta motsa, yoyon yana nan.

Awo shi ne inda aka fi yin kuskure. Kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na nauyin da aka rubuta ake sawa: in giram 1,000 ne, a sa 800 zuwa 850, kuma da sikeli. In aka cika, matsi ya hau, sanyi ya ragu.

Injiniya Sanyi:
Don Allah Alhaji ka guji gas ɗin firij. Irinsa R600a da R290 dangin gas ɗin girki ne, suna kamawa da wuta, kuma akwatin da ke yin sanyin a bayan dashbod yake, cikin mota tare da iyali. R22 na AC ɗin gida ma a'a: matsinsa ya fi ƙarfin tiyo da robobin mota.

Malam na Panteka:
Ƙari a kan na Oga Mai AC: a kula da jabun R134a. Akwai wanda ake haɗawa da wani gas mai suna R40, shi kuma yana cin alminiyom ɗin kwamfaresa ya haifar da sinadari mai kama wuta da kansa idan iska ta taɓa shi. A 2011 irinsa ya fasa injinan sanyaya kwantena a Biyetnam da Burazil, har da asarar rai. Sayi tukunya mai hatimi wurin dillalin da aka sani.

Sannan a duba fankar gaba, a wanke ƙurar kwandensa. R134a ya fi R12 matsi a ɓangaren zafi, kuma a zafin Afrilu cikin cunkoso, rarraunar fanka ita ke sa AC ya riƙa yankewa.