Muhawara: Wa ya ɓata ruwan kogin Challawa na Kano?

Ɗan Kumbotso: Assalamu alaikum jama'a. Yau na je gonar Baffana ta bakin rafi, wallahi na dawo raina a ɓace. Ruwan da ke gangarowa ta rafin Salanta daga unguwar masana'antu ta Sharada ya zama baƙi ƙirin, ga kumfa a kansa, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai tun kafin ka iso. Da shi ake ban ruwan latas da kabejin da gobe za a kai kasuwa. Baffa ya cire takalmi ya nuna mini ƙafarsa, tsakanin yatsu duk ya tsattsage. Majema sun kashe mana ruwa. Kuma doka tana nan: tun 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2009 aka fitar da ƙa'ida kan masana'antun fata da saƙa, cewa sai sun tace ruwansu kafin su sake shi. Me ya hana a bi?

Jikan Majemi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, janye kalmar nan. Su waye majema? Kakana majemi ne, mahaifina majemi ne, da bagaruwa da toka muke jima. Bagaruwa itace ce, har magani ake yi da ita. Ka ce kamfanoni, kada ka shafa mana kashin kaji.

Ɗan Kumbotso: Yaya, ai kowa ya gane masana'antu nake nufi.

Jikan Majemi: Ban gane ba, kuma bare ba zai gane ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da kakanninmu suka jeme ita ce ta tsallaka Sahara har Turai, suka riƙa kiranta fatar Maroko. An ƙwace mana suna a da, yanzu kuma za a ɗora mana laifi.

Malamar Kimiyya: Gaskiya akwai bambanci. Masana'anta da gishirin sinadarin kuromiyom take jima, gashi kuma da farar ƙasa da sinadarin salfaid ake zubar da shi, shi ne warin ƙwan da ka ji. Kuromiyom ba ya ruɓewa, yana zama a laka da ƙasar gona. Nau'insa da ake jima da shi bai kai wani nau'in haɗari ba, amma yana iya rikiɗa ya koma wancan mai jawo ciwon daji. Wannan shi ne abin da ya kamata mu tattauna.

Kawu Mai Shago: To ai duk wanda ya jeme fata majemi ne, ko da inji ko da hannu. Hausa ce. Kuma ku je unguwar da ake jimar gargajiya da rana tsaka ku ji, turare ake yi a can?

Jikan Majemi: Kawu, da girmanka? Wari daban, guba daban. Daddawa ma tana wari.

Maman Ikram: A bar daddawa a cikin wannan magana don Allah, sana'ar uwata ce.

Kawu Mai Shago: Hajiya ba ni na kawo ta ba.

Ma'aikacin Challawa: Shekara goma sha ɗaya ina aiki a wata masana'antar fata, da ita na yi aure, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara huɗu. Ku da kuke ihu a rufe, za ku ɗauke mu aiki? Masaƙu sun mutu muna kallo, yanzu saura fata.

Ɗan Kumbotso: Ban ce a rufe ba. Na ce a tace ruwan.

Ma'aikacin Challawa: Da wace wutar? Injin tacewa ba da addu'a yake juyawa ba, da dizal ne. Kuma wa ya aike manomi ya ja ruwan kwata ya zuba wa kayan miya?

Ɗan Kumbotso: Gonar ta riga masana'antar zuwa wurin. Kakanmu ya noma ta lokacin da ake kama kifi a rafin nan. Ku 'yan birni kun ɗauka mu ba mutane ba ne.

Maman Ikram: Kai kuma ka jawo 'yan birni. Latas ɗin wa yake ci in ba mu ba?

Kawu Mai Shago: Matsalar fata ma ai masu cin ganda ne, sun cinye ƙiraga, masana'anta sai ta nemo daga waje.

Malamar Kimiyya: Jama'a mu koma kan ruwa. Haka rafin Getsi ke kwaso ruwan masana'antun Bompai ya zuba a Jakara har madatsar Wasai, kuma duk bakin nan noman rani ake yi. Ko gwada ruwan ne mu haɗa kuɗi a yi.

Jikan Majemi: Sai ya janye tukuna.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: an yi wa majema ƙazafi, sana'ar da birnin nan ya yi suna da ita, kuma Malama ta tabbatar da cewa bagaruwa ba ta da laifi. Ni ma dangin mahaifiyata majema ne, na san tsabtar aikinsu. Ƙanenmu na Kumbotso ya ba da haƙuri gobe da safe. Maganar ruwa a kawo ta wani lokaci.

Ɗan Kumbotso: Ranka ya daɗe, ƙafar Baffana fa?