An ƙara wa jujin bayan unguwarmu wa'adi: wa ya taɓa ganin an rufe irinsa?

Mazaunin bayan ganuwa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani rami bayan unguwarmu nan Katsina, inda aka ɗebi burji lokacin aikin titi aka bar shi haka. Da ma'aikata suka zo neman wurin zuba shara, an tara dattawa ƙofar gidan mai unguwa, aka ce shekara biyu kawai motoci za su yi suna zubawa, daga nan a kawo jar ƙasa a rufe, a dasa itatuwa, yara su samu filin ƙwallo. Muka ce madalla, don ramin ya taɓa cin yaro da damina. Shekara biyun ta wuce tuni. Makon jiya aka aiko cewa an ƙara lokaci "har sai ramin ya cika". To ta ɓangaren yamma ai ya cika har ya yi tozo, ya ɗara katangar makarantar allon da ke gefensa. Ina son waɗanda suka ga irin wannan da idonsu su faɗa mana yadda ta kaya. Don Allah kada a kama sunan kowa, mafita muke nema.

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam Malam. Mu namu ba a ma yi mana taro ba, da safe muka tashi muka ga tifa. Abin da na fi tsana hunturu. Da magariba wuta za ta tashi cikin jujin, ba ka ga wanda ya kunna ba, hayaƙin ya kwanta ƙasa-ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Tsumma nake jiƙawa in toshe. Ƙaramar ɗiyata tana da asma, daren da iska ta juyo wajenmu zaune muke kwana. Shanya kau sai dai cikin ɗaki, in ka bar ta tsakar gida, kayan makaranta warin ƙonannar leda suke yi har malamai na tambaya. Da damina hayaƙi ya tafi, ƙuda ya karɓa. Rijiyarmu da maƙwabta ke layi a kanta yanzu ko wanki ba na yarda in yi da ita, ruwan ya koma kalar shayi, sai sayen na 'yan ga-ruwa. Mu ma "an kusa rufewa" muke ji tun ina goyon 'yan biyun, ga su nan sun shiga firamare.

Tsohon dubagari:
Allah ya ba yarinya lafiya, Hajiya. Malam mai tambaya, kafin komai: wannan shekara biyun, an rubuta ta? Wa ya sa hannu? In baki da baki aka yi, to ba wa'adi aka ba ku ba, lallashinku aka yi. Na yi aikin duba gari har na yi ritaya, ban taɓa ganin jujin da aka rufe don an yi alkawari ƙofar gida ba.

Kuma ku gane, "sai ya cika" ba iyaka ba ce. Shara tana ruɓewa tana lotsawa, ana ƙona ta tana raguwa, masu taki suna ɗiba. Ramin da aka ce sai ya cika zai iya shekara ashirin yana cika yana komawa. Abin da ake rubutawa shi ne rana da wata da shekara, da tsayin da ba za a wuce ba.

Doka na nan, ba wai babu ba. Tun 1992 akwai dokar tarayya mai lamba 86 da ta ce a auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, wurin zubar da shara na gari yana ciki. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2009 aka fitar da ƙa'idojin tsafta da kula da shara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta sa filin birni hannun gwamna, don haka mai unguwa ba shi da ikon ba da rami ko hana shi, shaida ne kawai. Ku daina matsa wa dattijon nan, ku taimaka mashi da takarda.

Wani abin da yaran yanzu ba su sani ba: kududdufan cikin birni ba banza suke ba. Daga nan kakanninmu suka haƙi ƙasar ginin gidaje da ganuwa, su kuma ramukan suka zama matattarar ruwan sama. Duk wanda aka cike, ruwan da yake ɗauka sai ya nemi wani wuri, galibi zauren wani.

Direban tifa:
Baba, gaskiya ka faɗa, amma a ji ta bakinmu mu ma. Ni ina cikin masu zubawar. An sha tare ni da sanduna, wata tsohuwa ta taɓa kwanciya gaban motata. Ban ga laifinta ba. Sai dai in na juya, ina zan kai? Sharar kasuwa ce a bayana, ta kwana biyu tana wari. Wurin da ake cewa mu koma yana can bayan gari, hanya ba kyau, man da ake ba mu na sawu kusa ne. Tunda mai ya yi tsada, mota ɗaya ke aikin uku. Na ga unguwar da suka yi nasara suka rufe nasu da ƙarfi, ba a tanadi wani ba. Ba a yi wata ba yara masu baro suka koma juyewa cikin kwata da dare, ruwan farko da aka yi ya dawo masu da ita har ɗaki. Je ka dubi rafin Ginzo bayan ruwan sama ka ga ledar da ke ciki, duk daga irin haka ne. In za ku nemi a rufe, ku tambayi inda za a koma, in ba haka ba gobe ku za ku zo kuna roƙo a buɗe.

Maman 'yan biyu:
Malam direba, ba mu ce kai ne ba. Amma ko ƙasa a riƙa watsawa sama mana, a hana wutar nan.

Ɗalibi a Ingila:
Gaisuwa ga iyayena. Ni ɗan Kofar Marusa ne, karatu ya kawo ni nan, kuma garin da nake akwai tsohon ramin fasa dutse da ake cikewa da shara. Su ma nan ana neman ƙarin wa'adi, kada ku ɗauka mu kaɗai ne. Bambancin, tun farko takardar izinin tana ɗauke da ranar daina karɓar shara da ranar gama gyaran wurin, har da taswirar yadda tudun zai kasance in an gama. In kamfani ya ga ba zai cim ma ranar ba, sai ya koma majalisar gunduma ya nemi a sauya sharaɗin. Ana liƙa sanarwa, a ba mutane kwana 21 su rubuto ƙorafi, wani lokaci a zauna a bainar jama'a kafin a yanke.

Dalilinsu ne ya ba ni mamaki. Shara ce ta yi masu kaɗan! Tun 1996 aka sa haraji kan sharar da ake binnewa, yanzu ya haura fam 100 kan kowane tan na sharar gida, sai mutane suka koma sake sarrafawa da ƙonawa a masana'anta don samar da lantarki. Ramin ya ƙi cika kan lokaci, shi ne suke neman ƙarin shekaru. Mu namu ya cika ya tumbatsa ana neman ƙari.

Ba na cewa mazauna nan suna jin daɗi, su ma suna kukan wari da manyan motoci, kuma sau da yawa ana ba da ƙarin duk da kukansu. Amma abu guda ya kamata mu ɗauka: tun ana zuba shara ake tilasta wa mai wurin ya yi tanadin kuɗin rufewa da kula da shi na shekaru gommai bayan an tashi. Rufewar ma ba watsa ƙasa ba ce kawai. Ana shimfiɗa yumɓu a danne don ruwan sama kada ya ratsa, a sa ƙasar noma sama, a kafa bututun da ke fitar da iskar gas ɗin da ruɓaɓɓiyar shara ke haifarwa. Hajiya, wutar da kika ce ba a ga mai kunnawa ba, sau da yawa wannan iskar ce ke ci daga ciki, shi ya sa ko an zuba ruwa take sake tashi. Ruwan rijiyarki kuma, baƙin ruwan da ke tsatsowa daga ƙasan jujin ne abin zargi na farko. Don Allah ko alwala a bari da shi sai an auna.

Zancen tozo kuma ba wasa ba ne. A watan Maris na 2017 tudun shara na Koshe a Addis Ababa ya zaftare kan gidajen da ke gindinsa, mutum fiye da 100 suka rasu. Naku bai kai can ba, amma makarantar allon nan a janye ta daga gindinsa kafin damina.

Magini daga Daura:
Ni ta bayan rufewar zan yi magana, don nan ne ake cutar bayin Allah. Wani Alhaji ya kira ni in fitar mashi da harsashin gida a fulotin da ya saya da sauƙi. Fili lafiya lau, jar ƙasa shimfiɗe. Yara suka fara haƙa, ba su kai gwiwa ba sai ga leda. Muka ci gaba: takalman roba, gwangwanin madara, tsumma, baƙar ƙasa mai ɗumi tana wari. Har aka kai ƙirji ba mu taɓa ƙasar Allah ba. Na ce Alhaji, wannan tsohon kududdufi ne aka cike, in dai ba za ka kashe kuɗin rodi da kankare fiye da na ginin ba, ka haƙura. Ya ce ina son in ci kuɗinsa ne, ya kawo wani. Gidan na nan, damina biyu ya yi bango ya dare tun daga taga har ƙasa, hannu na shiga. Ƙofar ɗaki sai an ɗaga ta take rufuwa, sokawe ya nutse. Yanzu haya ya ba wasu, su ne abin tausayi.

Don haka Malam, ranar da kuka samu aka rufe, ku sa a rubuta cewa ba za a yanka wurin fulotai ba. Filin ƙwallon nan da aka yi maku alkawari, shi dillalai suka fi so.

Manomi ta hanyar Jibiya:
Mu da muke saye fa? Da can takin juji zinari ne, da rani jakai ke kai mana mangala-mangala, toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Yanzu tifa guda in ka saya rabi leda ce, da batir, da fasassun kwalabe. Bara yarona ya taka allurar asibiti yana watsa taki. Na rasa tunkiya, da aka yanka leda ce cunkushe cikin tumbinta. Duk da haka muna saye, takin zamani ya fi ƙarfinmu. In za a rufe, a bar masu tankaɗe su fara kwashe na ƙasan da ya ruɓe.

Sakataren ƙungiyar unguwa:
Mu mun samu rabin nasara, bari in faɗi yadda aka yi. Da farko zanga-zanga matasa suka so, dattawa suka hana. Muka rubuta takarda, mai unguwa da limamai da shugabar mata suka sa hannu, aka bi ta hannun hakimi, kwafi ya tafi ofishin da abin ya shafa da wurin ɗan majalisarmu. Muka ajiye namu kwafin da hatimin "an karɓa" a jiki. Wannan hatimin ya yi mana rana, don sau biyu ana cewa ba a ga takardarmu ba.

Ba mu ce a rufe gobe ba, mun san ba za a yi ba. Cewa muka yi mun yarda da ƙarin shekara guda, bisa sharaɗi: a raba ramin biyu, ɓangaren da ke jikin gidaje a rufe shi yanzu, a ci gaba da zubawa a na nesa. A kafa turaku a shafa masu jan fenti, shara kada ta wuce nan. Ba sharar asibiti, ba ta mahauta. Muka sa 'yan bola jari da ke wurin cikin maganar, tunda su ke kwana su tashi a nan. Su ne suka zama masu gadinmu, motar da ta zo da dare da abin da bai dace ba kafin asuba mun ji.

Ɓangaren farko an rufe, katafila ta zo ta danne, hayaƙi ya ragu sosai. Dalbejiyar da muka dasa awaki suka cinye ta farko, sai da muka kewaye da ƙaya. Ɓangare na biyu kau shekarar ta cika, an sake neman ƙari, muna kan ja. Amma yanzu da takarda muke ja, kuma duk ƙarin da za su nema sai sun rufe wani yanki tukuna.

Mazaunin bayan ganuwa:
Allah ya saka da alheri. Sakatare, jar ƙasar da aka rufe da ita, wa ya biya? Nan ne nake jin za a ce mana babu kuɗi.

Sakataren ƙungiyar unguwa:
Haka aka ce mana mu ma. Katafila tasu ce, man rana biyu mu muka haɗa gida-gida. Ƙasar kuma ba mu saya ba. Ana haƙar magudanar ruwa a wani titi kusa da mu, ɗan kwangilar yana neman inda zai zubar, muka nuna mashi.

Direban tifa:
Wannan ita ce dabarar. Duk inda kuka ga ana haƙar kwalbati ko harsashin babban gini, ku yi wa direbobin magana, mu ma mun fi son wuri kusa. Amma ku sa mutum ya tsaya yana duba abin da ke cikin motar kafin a juye, wasu ɓaraguzan gini za su kawo maku da sunan ƙasa, ruwa na ratsa shi. Kuma ku yi kafin watan Yuni, in ƙasa ta jiƙe ba motar da za ta yarda ta hau kan jujin nan.