Wata Uku Babu Baiti

Ɗan Rigasa:
Salamu alaikum iyaye da yayye. Ga kukana, a taimaka.

Na sayi takarda, na fiƙe fensiri,
Wata uku cur babu mai fitowa.
Na raba dare ina jiran ilhama,
Sauron Rigasa shi kaɗai ke zuwa.
Na zauna bakin kogin Kaduna wajen Gamji,
Ruwa na gudu, kaina na daskarewa.
Ku masu zubo baiti kamar ruwan Agusta,
Ku nuna min rijiyar da kuke ɗebowa.

Baba na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, amsa-amon "wa" rijiyar bakin hanya ce, kowa da gugarsa. Bari in sauya maka.

Ɗana, ilhama ba baƙuwar dare ba ce,
Ba ta sallama ga wanda ya kulle ɗaki.
Shekara ashirin na yi a masaƙar Kakuri,
Can na koyi kari, ina tsakiyar aiki.
Injin saƙa na bugu, ƙafata na binsa,
Doguwar gaɓa da gajera duk suna ciki.
A bayan kwalin ashana nake ɗora baiti,
Mai duba mu in ya gani sai ya ja tsaki.
Yau masaƙa ta mutu, ciyawa ta cinye ƙofa,
Amma bugun injin yana nan a jiki.

Anti ta Unguwar Rimi:
Baba, a yi mini afuwa, ni 'yar ƙagaggun labarai ce, baitina ɗingishi yake. Amma ba zan bar ƙanena haka ba.

Baba ya ce inji, ni kuwa na ce murhu,
Babi na bakwai na haife shi a kan miya.
Hannu ɗaya ludayi, ɗaya yana latse-latse,
Littafina kaf yana cikin waya.
Gidan suna nake zuwa da kunne a buɗe,
Can ake sakin habaici ana dariya.
Wata ta ce da facalarta "sannu da hutawa",
Kalma uku kacal, sun shaƙe ta a wuya.
Na ƙulle su a bakin zane na kai gida,
Yanzu suna bakin uwar mijin amarya.
Tuwo ya taɓa ƙonewa, maigida ya haɗe rai,
Da ya karanta babin, ya yafe wa tukunya.

Mai Keke na Kawo:

Ni ofishina ƙafa uku gare shi,
Kawo zuwa Mando nake shiga da fita.
Fasinja na faɗa da mijinta a waya,
Hannuna na tuƙi, kunnena na bita.
Ga tashar jirgin Abuja a unguwarku,
Mai rakiyar miji, ga mai tarbar 'yarta.
Je ka zauna gun mai shayi, ka kama bakinka,
Ka bar Gamji ga masu zance da 'yan mata.

Malama ta Malali:
Duk kun yi ta yabon kunne, ba wanda ya tuna da ido. Ƙanena, tsakani da Allah, yaushe rabonka da ka kai ƙarshen littafin wani? Waɗanda suka ci gasar rubutu ta Zariya a 1933, su Abubakar Imam, sai da suka sha littattafan Larabci suka ƙoshi kafin su ɗora alƙalami.

Rumbu ba ya ba da hatsin da ba a zuba ba,
Kai ka zo awo, ba ka noma karatu.
Ɗauki waƙar magabata ka rera da ƙarfi,
Harshe zai ji ramin da ido ya tsallake a rubutu.
Karanta sau ɗaya don daɗi, na biyu don sata,
Ba satar kalma ba, ta yadda aka ƙulla batu.
In ka ga inda marubuci ya sa ka hawaye,
Koma baya, kwance ɗinkin, kar ka ba shi hutu.

Baba na Tudun Wada:
Malama, da sauƙi dai. Ina za ki kai Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji?

Makaho ne, bai taɓa ganin baƙi a allo ba,
Ga Imfiraji nan, har gobe tana baki.
In ido ne sharaɗi, wa ya ba shi nasa?
'Yata, amsa mini, in daina mamaki.

Malama ta Malali:
Baba, ai shaidata ka kawo mini har gida.

A gaban malamai ya durƙusa shekaru,
Ana biya masa, yana haddace karatu.
Littafi ya sha, ta kunne ya shige shi,
Bai tsaya gun mai shayi jiran batu.

Mai Keke na Kawo:
Malama, wannan dutsen ni aka jefa, na kuma ji shi a ƙeya. Zan zo aron littafi ranar Lahadi, amma mai ƙananan shafuka.

Ɗan Rigasa:
Kwana biyu kun ji ni shiru. Na bi maganar yayana Mai Keke da rana, ta Malama da dare. Shayi kofi huɗu na sha kafin in samo wannan:

Wata tsohuwa tana riƙe da kwanon fura a tasha,
Jirgi ya sauke kowa, ban da ɗanta.

Baba na Tudun Wada:
Madalla. Ɗango na biyu kar ka taɓa shi. Na farko ya ɗauki kaya fiye da ƙarfinsa, rera shi ka ji yadda numfashi ke yankewa. Zubar da "wata" da "tana riƙe", ka bar "Tsohuwa da kwanon fura a tasha". In ka kai baiti biyar zan yi masa tahamisi, wato in ƙara ɗango uku a kan kowane biyu naka. To, furar fa, ya ta yi da ita?

Ɗan Rigasa:
Mai shayi ta ba, Baba. Ta ce ya raba wa almajirai, ya ajiye mata kwanon, gobe za ta dawo da sabuwa.

Anti ta Unguwar Rimi:
Ƙanena, ka yi sauri ka sa kwanon nan a baiti kafin magariba. In ba haka ba, wallahi yana babi na takwas.