In an soke gandu da hurumi, gallar da ake kaiwa ta mece ce?

Ɗan Talaka: Jama'a, yau sai an ba ni amsa. Tun watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, aka ce ƙasar kowace jiha ta koma hannun gwamna amana, an soke gandu, an soke hurumi, an soke kyautar sarki. To me ya sa har gobe akwai ƙauyukan da manomi zai yi sharar gona, ya kai taki, ya yi noman fari da maimai, kaka ta yi ya ɗauki dami ya kai gidan sarauta da sunan galla? Ranar da gwamnati ta zo karɓar filin kuma, sunan mai gandu ne a takardar diyya, ba na mai fartanya ba. Ni abin da na ce, a yi doka guda, duk tsohuwar kyautar fili ta faɗi, a ba mai noma takarda da sunansa. Wanda bai yarda ba ya fito.

Barista: Malam, "soke" ɗin nan daga ina ka samo ta? Babu ita a dokar. Sashe na 1 ya damƙa wa gwamna ƙasa amana, amma sashe na 36 ya ce gonar da ke wajen birni, wadda ake nomawa kafin dokar, tana nan hannun mai ita kamar ƙaramar hukuma ce ta ba shi. Kotun Ƙoli ta yanke wannan a 1991, a shari'ar Abioye da Yakubu daga jihar Kwara. Fulani makiyaya da aka ba wurin zama bisa al'ada suka ce dokar ta 'yanta su daga masu ƙasar, kotu ta ce a'a, haƙƙin mai ƙasa na asali bai faɗi ba. Saboda haka gallar da kake kuka da ita, dokar 1978 ba ta taɓa ta ba.

Ɗan Talaka: To ai ka ƙara mini hujja ke nan, Barista.

Mai Awo: Barista, kada ka ce ba a soke komai ba. Sashe na 34 fa? Filin cikin birni da ba a gina ba, rabin hekta kawai aka bar wa mutum a duk faɗin jihar, sauran haƙƙinsa ya faɗi. Rabin hekta murabba'in mita 5,000 ne, wato fuloti goma na ƙafa 50 da 100, in ba a cire hanya ba. Wanda ke da gandu mai hekta ashirin a bakin gari, aka shata wurin cikin birni, wannan ba soke ba ne?

Barista: Wannan rage yawa ne, ba soke nau'in riƙo ba.

Mai Awo: Wanda aka rage wa goma sha tara da rabi cikin ashirin, je ka gaya masa haka.

Bawan Allah: Kadada nawa ke nan rabin hektar?

Mai Awo: Kadada ba ma'auni ba ce tsayayya, wani eka yake nufi, wani hekta. Hekta ɗaya eka biyu da rabi ce saura kaɗan. Kada ka yarda a rubuta maka "kadada" a takardar ciniki, a sa mita a kowace kusurwa.

Malamin Tarihi: Duk kun tsallake babban kuskuren. Hurumi ba a 1978 ya mutu ba. Hurumi fili ne da sarki ya ɗauke wa kuɗin ƙasa, yawanci don malami ko wani babban bara, jakada ba ya shiga karɓar komai. A Borno ma har takarda ake rubutawa, mahram, wadda Mai, wato sarkin Borno, ke ba gidan malamai. Turawa ne suka karya shi. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 suka kawar da jakadu, suka tura hakimai su zauna a gundumominsu, suka haɗe kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da na karofi ya zama haraji guda. Kwamitin ƙasa da ya zauna a Landan a 1908, zamanin Gwamna Girouard, shi ya haifi dokar 1910 da ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon gwamna. Aka sabunta ta a 1916, gwamnatin Sardauna ta sake ta a 1962. Ta 1978 ɗin, tsarin Arewa aka ɗauka aka shimfiɗa wa Kudu.

Jikan Dagaci: Allah ya gafarta Malam, hurumin da muka sani ba shi ne wannan ba. Hurumi filin gari ne da ba mai taɓawa: maƙabarta, filin idi, bakin ganuwa, makiyaya. Dagaci ke tsare shi, kuma tun da aka zare hannun sarakuna daga harkar ƙasa aka yanka su fuloti-fuloti. Ku duba burtali nawa ya rage.

Malamin Tarihi: Kalmar tana ɗaukar duka biyun. Ni na haraji nake nufi.

Jikan Dagaci: A'a, ɗaya ce ma'anarta, abin da aka haramta taɓawa. Ma'anar haraji a littafin Turawa kuka gano ta.

Ɗan Yerwa: Kuma don Allah a daina haɗa mahram da hurumin Kano. Mahram gata ne na mutum da zuriyarsa, ya haɗa da kare dukiyarsu da ɗauke musu fita yaƙi, ba gona kaɗai ba. Ya girmi duk abin da kuke lissafawa.

Malamin Tarihi: Ban ce abu ɗaya ba ne, misali na kawo.

Ɗan Sawaba: Jikan Dagaci, wa ya sayar da burtalin? Takardun cinikin da ke yawo a kotuna, hatimin wa ke jiki in ba na mai unguwa da dagaci ba? Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a Kano da Kaduna da hawansu mulki a 1979, Balarabe kuma ya kafa hukumar binciken filaye saboda irin wannan galla ta ƙasar Zazzau. Da ba a tsige shi a 1981 ba, da yanzu ba wannan zancen ake ba.

Jikan Dagaci: Kawo rahoton mu gani.

Ɗan Sawaba: Yana nan, kowa ya san da shi.

Jikan Dagaci: Kowa wa? Dagaci shaida ne a ciniki, ba shi ke sayarwa ba. Kuma ku bambance gandu. Akwai gandun gida, na uba da 'ya'yansa, kowa da gayaunarsa a gefe. Akwai gandun sarauta, wanda ke bin rawani, in an tuɓe mutum ya bar shi. Wanne za a soke?

Ɗan Sawaba: Na rawanin, wanda aka mai da shi na gado a ɓoye.

Hajiya Mai Lissafi: Ku bar faɗan nan, akwai inda aka yi abin da Ɗan Talaka ke nema. A Indiya ana kiran irin wannan kyauta inam, daga Larabci, filin da sarakuna suka bayar aka yafe masa haraji duka ko wani sashe. Bayan 'yancin kai jihar Bombay ta soke wasu filayen da ke bin muƙaman gado a 1950, ta soke inam na ɗaiɗaikun mutane da dokar 1952, Hyderabad ta yi tata a 1955. Wani wurin rangwamen harajin kawai aka cire. Wani wurin filin ya koma na gwamnati, sannan a sake ba mai riƙe da shi in ya biya ninkin harajin shekara cikin wa'adi, da sharaɗin ba zai sayar ba sai da izinin jami'in gunduma. Abin da ya sa ya yiwu, kowace gona tana da lambar awo, kuma akwai littafin ƙauye mai sunan mai fili da mai noma. Mu gonakin karkara nawa ke da lamba? In ka soke yau, da wane littafi za ka gane wanda ke noma tun kakansa da wanda aka ba aro bara? Mai ƙarfi zai kori manomin kafin ranar rajista, ya ce da kansa yake nomawa. Can ma an yi haka.

Almajiri: Hajiya, filayen masallatai fa? Wakafi ba kyautar sarki ba ne, ba mai ikon soke shi.

Hajiya Mai Lissafi: Dokar Bombay ta 1952 ba ta haɗa da na wuraren ibada ba.

Almajiri: To a rubuta haka ƙarara, don a nan da an ce hurumi wasu har gonar makarantar allo za su haɗa.

Jikan Dagaci: Kun gani? Maganata ta fito, hurumi na jama'a ne.

Malamin Tarihi: Ba abin da ya ce ke nan ba.

Barista: Batun diyya da aka bari a baya. Sashe na 29 ba ya biyan kuɗin ƙasa kanta, abin da ke kanta ake biya: gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Don haka mai shuka yana da haƙƙi a kan shukarsa ko da gandun wani ne. Inda ake cutar manomi shi ne ranar ƙidaya. Jami'ai su zo da rani, gona ba komai sai kara, a rubuta sunan wanda dagaci ya nuna. In an ce filin na al'umma ne, sashen ya yarda a miƙa kuɗin ga shugabansu. Manomi ya tsaya a gonarsa ranar, ya sa a ƙirga kowace ɗorawa da mangwaro da kuka, ya karɓi kwafin takardar da sa hannu. Kuma satifiket ɗin gwamna ba ya wanke fili in akwai mai haƙƙi kafin shi, Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990.

Shugaban Zaure: Zan rufe nan. Abin da ya tabbata: ba a soke komai ba a 1978, kamar yadda Barista ya nuna. Hurumi filin jama'a ne da iyayen ƙasa ke tsarewa, kuma lalacewarsa ta biyo bayan rage musu iko. Misalin Indiya bai dace da mu ba. Zargin da aka yi wa dagatai ba a kawo masa hujja ba. A kiyaye harshe a kan masarautu.

Mai Awo: Ranka ya daɗe, ka tsallake sashe na 34 gaba ɗaya.

Hajiya Mai Lissafi: Ni ban ce bai dace ba, cewa na yi a fara da awo da littafi.

Ɗan Talaka: Ni dai har yanzu ba wanda ya gaya mini ko manomin nan zai kai dami bana ko ba zai kai ba.

Barista: In da sharaɗin galla kakansa ya karɓi gonar, kuma akwai shaidu, zai kai. In ya ƙi, har ya ce gonar tasa ce, mai gandu na iya kai shi kotu ya nemi a karɓe ta. Ya kai, amma ya sa a rubuta masa rasit mai kwanan wata da iyakokin gonar ta gabas da yamma, kudu da arewa, don shi ne shaidar shekarun da ya yi a cikinta.