Abin da aka tattauna kan aikin sauya idon sawu

Na tattaro muku abin da jama'a suka faɗa kan wannan tiyata, wadda ake cire gaɓar idon sawu da ta lalace a sa ta ƙarfe da roba a madadinta:

1. Kusan kowa ya yarda ciwon yana raguwa sosai, kuma ƙafar tana lanƙwasuwa, ba kamar in an haɗe ƙasusuwan da kusoshi ba.
2. Sai dai haƙuri, makonni kana dogara sanda, kumburi kuwa yakan kai shekara.
3. Masu ciwon suga da masu shan taba ku kula, ɗinkin baya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta na iya shiga.
4. Inda aka rabu: wasu sun ce matashi mai aikin ƙarfi gara a haɗe masa kawai, don ƙarfen da aka sa yana iya kwancewa a sake yi masa tiyata, wasu kuma suka ce haɗewar tana gajiyar da gaɓoɓin kusa. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a haɗe.