Kiɗa a bakin kabari: ina al'adu suka yi kama?

Ɗan Tambaya: Jama'a, al'ummomin da ke kiɗa wajen binne gawa, akwai abin da ya haɗa su, ko kowa da nasa tsarin?

Mai Bigila: Akwai. A wurare da dama abin busa ne, domin a fili sautinsa na kai wa nesa. A jana'izar soja, sojojin Amurka na busa taken da ake kira Taps da bigila ɗaya, sauti 24 kacal, tun 1862. Na Birtaniya kuwa Last Post. Wahalar ita ce sanyi: in ƙarfen ya huce, leɓe ya bushe, sauti mafi tsayi sai ya tsage. Shi ya sa mabushi ke ɗumama bakin bigilar a hannunsa kafin a fara.

Inna Makoki: Ƙari a kan haka, malam, a birnin New Orleans na Amurka kiɗan kashi biyu ne. Ana raka gawa da taken jimami a hankali, in an rabu da ita sai ganguna su ɗau zafi, a koma ana rawa.

Baƙon Zaure: Dagara na arewacin Gana fa, kiɗansu ma sanarwa ne. Daga taken gyil, wato katakan da ake bugawa bisa ƙore, mai ji zai gane namiji ne ya rasu ko mace.